Ƙididdiga da Tsara Jinyar Cututtuka Masu Daɗewa

1.0 Gabatarwa

Cuta mai daɗewa ita ce wadda ba ta warkewa a mako ɗaya ko wata ɗaya, sai dai a yi ta lallaɓa ta shekara da shekaru, kamar hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Abin da ke gaban likita shi ne tantance wanda zai fara shan magani nan take, da wanda gyaran abinci da motsa jiki za su wadatar. Wannan darasi zai duba rawar da ƙididdiga ke takawa wajen yanke wannan hukunci.

1.1 Binciken Framingham

A shekarar 1948 aka soma bibiyar lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, ana duba su duk bayan shekara biyu. Da tafiya ta yi nisa, sai alƙaluma suka nuna cewa masu hawan jini da masu yawan kitse a jini da mashaya taba sun fi kamuwa da ciwon zuciya. A 1998 aka fitar da ma'aunin da ke haɗa waɗannan da shekarun mutum da jinsinsa da ciwon suga, ya ba da hasashen shekara 10 masu zuwa.

Ya kamata ɗalibi ya lura da ma'anar hasashen, domin a nan ake yawan kuskure. Idan aka ce haɗarin mutum kashi 20 cikin 100 ne, ana nufin daga cikin mutum 100 masu irin yanayinsa, kimanin 20 za su kamu. Ma'aunin bai san waɗanne ne ba. Amfaninsa shi ne nuna wa likita inda magani zai fi yin tasiri.

1.2 Iyakar Ma'aunin

Akasarin mutanen Framingham fararen fata ne. Da aka gwada ma'aunin a ƙasar Sin a 2004, sai ya zuzuta haɗarin fiye da yadda yake. Ingila ta samar da nata, QRISK, a 2007. A 2019 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawali ga yankuna 21, har da wanda ba ya buƙatar gwajin jini, sai awon nauyi da tsawo da hawan jini. Wannan shi ya fi dacewa da asibitin karkara da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje.

Auna Fahimta

Me ya sa ma'aunin da ya yi daidai a Amurka zai iya kuskurewa a wata ƙasa?