Shanyewar Ɓarin Jiki: Dokoki ga Masu Jinya a Paraku da Jugu

Da ku nake, masu jinya: uwargida, babban ɗa, da ƙanen da aka kirawo daga ƙauye ya taya ɗawainiya. Likita zai duba majinyacinku na 'yan mintoci. Kine, mai koyar da motsa gaɓoɓi, in an yi sa'a zai ba shi awa guda sau biyu ko uku a mako. Sauran dare da rana yana hannunku, kuma a nan ne ake miƙewa ko a nakasa. Ciwon ba baƙo ba ne a wajenmu. Farfesa Thierry Adoukonou da abokan aikinsa na Jami'ar Paraku sun bi gida-gida a unguwar Titiru, sakamakon da suka fitar a 2020 ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin kowane ɗari na manya yana fama da abin da wannan ciwo ya bar masa.

Kada ku kwana da shi a gida. Baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya sarƙe, to a nemo mota. Ba marin aljani ba ne, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Addu'a a yi ta a hanya. Na Jugu su fara da asibitin Ordre de Malte. In aka ce a wuce Paraku, tafiyar kilomita 135 ko kusa da haka, kada a tsaya jiran taron dangi. A babban asibitin koyarwa na Borgu da Alibori akwai likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya. Kada kowa ya ba shi asfirin kafin a ɗauki hoton kai: tana taimakon wanda jijiyarsa ta toshe, tana ƙara wa wanda tasa ta fashe zubar jini, ido kuwa ba ya bambance su.

Kada ku ɗura masa komai sai an gwada haɗiyarsa. Kusan rabin masu wannan ciwo haɗiya na gagararsu a kwanakin farko, abin da aka zuba musu sai ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, kwana biyu zazzaɓi ya rufe su. Ruwa ne, koko ne, rubutu ne, zamzam ne, huhu bai san albarka ba. In an ba da izinin ci, a zaunar da shi sosai, kai a ɗan sunkuye, loma ƙarama, cokali ɗaya sai ya wuce a kawo wani. Ya yi tari ko muryarsa ta yi ruwa-ruwa, a dakata. Ga mafi yawansu kunu mai kauri ya fi tsinkakken ruwa sauƙin wucewa. Sakwara mai danƙo a ɗage ta tukuna. Bayan ya gama, a leƙa kumatun ɓangaren da ya mutu, can abinci ke maƙalewa bai sani ba, a wanke bakin, a bar shi zaune rabin awa.

Kada ku tsayar da shi da ƙarfi ranar farko, kada kuma ku bar shi a shimfiɗe mako guda. Wani babban gwaji mai suna AVERT, da aka yi kan mutum 2,104 aka buga a 2015, ya nuna waɗanda aka matsa wa tashi da yawa tun cikin awa 24 na farko ba su kai sauran samun sauƙi ba. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, bayan likita ya ce jikin ya daidaita: zama bakin gado, sannan kujera.

Ku juya shi duk awa biyu, dare da rana, muddin ba ya iya juyawa da kansa. Ku duba ƙugu, kwatangwalo da dunduniya. Wurin da ya sauya launi ko ya yi zafi, gyambo ne ke sallama. Shimfiɗa a bushe. In a tabarma yake a ƙasa, ku nemo gado mai tsayin gwiwa, domin ɗaga babban mutum daga ƙasa sau biyar a yini shi ke karya bayan mai jinya ya kuma jawo a fizgi hannun majinyaci.

Kada ku ja shi ta hannun da ya shanye. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi yawa, kuma masu ƙauna ne ke yin ta. Kafaɗa ba ta da zurfin gurbi, tsoka ce ke riƙe da ita. Tsokar ta saki, nauyin hannu kaɗai ya isa ya zame ƙashin daga mazauninsa. Sa yatsa a saman kafaɗar, za ka ji wani ɗan rami da babu shi a ɗaya ɓangaren. To ina ga an kama wuyan hannu an ce "yunƙura, Baba", ko an zura hannu ƙarƙashin hammata an ɗaga? Ciwon kafaɗar da zai biyo baya yakan yi watanni, mutum ya ƙi yarda a taɓa hannun, aikin farfaɗo da shi ya tsaya cak. Ku ɗaura masa zane mai ƙarfi a ƙugu ku riƙe nan. In yana zaune, hannun ya hau matashi ko tebur, ba ya reto. In za a sa riga, hannu mara lafiya ke fara shiga, shi ke ƙarshen fita. Igiyar nan da ake ratayawa a reshen mangwaro, hannu mai lafiya yana jan mara lafiya sama, ku kwance ta yau. Kada a hau zem, wato babur ɗin haya, da shi sai da mutum a bayansa yana tallafe da hannun.

Kada ku ɗauka tausa ce magani. A nan na fi so ku buɗe kunne. Hannun lafiyarsa ƙalau. Abin da ya lalace yana cikin kai, wurin da ke ba hannun umarni. A shafa man kaɗe, a murza, a matsa tun daga Zongo har Titiru, saƙon ba zai dawo ba sai ƙwaƙwalwa ta buɗe sabuwar hanya, ita kuwa ba ta buɗewa sai mai jikin ya yi ƙoƙarin motsin da kansa, ya sake, ya kuma sakewa. Kamar turbar gona ce: sawu ke fitar da ita, in an daina bi ciyawa ta cinye. Tausa mai laushi tana rage tsami, lanƙwasa gaɓoɓi da miƙe su a hankali kullum yana hana su sandarewa, duka biyun a yi. Amma wanda ya kwanta aka yi masa awa guda ana murza shi bai motsa komai da nufinsa ba, ranar nan bai yi aiki ba. In kun je wajen kine kuka ga fitila mai zafi da tausa kaɗai ake yi, ku tambaya cikin ladabi: yaushe zai fara yi da kansa?

Kada a gasa shi da ruwan zafi ko garwashi. Ɓangaren sau da yawa ba ya jin zafi, sai fata ta saluɓe bai ce uffan ba. Ƙaho, tsaga da sakiya ma haka: babu mataccen jini a hannun da za a zuƙe, wanda kuma ke shan maganin tsinka jini zubar ba za ta tsaya da wuri ba. Wanzami yana da aikinsa, wannan ba ya ciki.

Kada ku yi masa abin da zai iya yi, ko da zai ɗauki minti goma. Na san da nauyi. A tarbiyyarmu, ɗa ya tsaya yana kallon mahaifinsa na kokawa da maɓallin riga abin kunya ne, baƙo ya gani ya ce ba a kula da tsoho. Ku jure maganar baƙo. Wani masani a Amurka, Edward Taub, ya nuna cewa hannun da aka gwada ya gaza sau da yawa, mai shi yakan koyi mantawa da shi, har bayan ƙarfi ya fara dawowa. Daga nan aka samo dabarar hana hannu mai lafiya aiki na wasu awoyi don a tilasta ɗayan, gwajin da aka buga a 2006 kan mutum 222 ya tabbatar da amfaninta. Sai dai ga wanda wuyan hannu da yatsunsa suka fara motsi ne, kuma kine ke tsara ta. Kada wani ya ɗaure wa tsoho hannu da rawani ya ce magani yake. Abin da ke wuyanku ya fi haka sauƙi. A ajiye masa buta ya miƙa hannu ya taɓa. Ya ja carbi da yatsun da suka yi rauni. Ya ɗauki goro daga faranti ya saki a kwano, sau ashirin, ya huta, ya ƙara ashirin. Ya dafe kwano da hannun yayin da ɗayan ke ci. 'Yar kasuwar Arzeke a ba ta tsabar kuɗi ta ware dala-dala, ta ninke zane, ta tsince shinkafa. Aikin da mutum ya saba ya fi shiga jiki.

Kada ku bar shi yini da ƙwallo a tafi yana matsawa. Damƙa takan dawo da kanta, har ta yi yawa yatsu su dunƙule. Buɗewa ce ke wuya, ita za a fi nema.

Ku sa shi tashi da zama kafin ku yi zancen tafiya. Kujera mai ƙarfi jikin bango, ƙafafu biyu a ƙasa daidai, ya sunkuyo gaba, ya miƙe da nauyi a kan duka biyun, ba mai lafiyar kaɗai ba. Goma da safe, goma da rana, goma da yamma, a riƙa ƙarawa. Mai taimako ya tsaya ta ɓangaren da ya yi rauni. Sanda a hannu mai lafiya take. Silifas a ajiye shi, a sa takalmi mai riƙe dunduniya. In tafin ƙafa na faɗuwa yatsu na jan ƙasa, akwai abin da ake sa wa idon sawu ya tallafe shi, ku tambayi kine. A kwashe tabarmi, turmi da igiyar awaki daga hanyarsa. Masai na tsuguno a ɗora masa kujera mai huda, a kafa abin kamawa. A banɗaki ake yawan faɗuwa, karayar ƙugu a kan shanyewa kuwa sai dai Allah ya kiyaye.

In tafiya ta samu, kada a tsaya a "ai yana zuwa masallaci". Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da ma'auni a 2014: minti 20 zuwa 60 na motsin da ke sa numfashi ya ɗan ɗaga, kwana uku zuwa biyar a mako, ana iya rarraba shi minti goma-goma. Bayan asuba ko bayan la'asar, ba tsakar ranar Maris ba. Ciwon ƙirji, jiri, haki mai tsanani ko sabon ciwon kai, a tsaya a nemi likita.

Kada ku yi masa tsawa, kada ku yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Wanda damansa ya shanye sau da yawa magana ke ƙwace masa: ya san abin da yake so, kalmar ce ta ƙi zuwa. Ba kurma ba ne, bai kuma haukace ba. Mutum ɗaya ya yi magana, gajeriya, a jira amsa, kada a ƙarasa masa. Ku gwada shi da abin da ya haddace, Fatiha, ƙirga, gaisuwa, da Hausa ko Dendi ko duk harshen da ya fi zama a bakinsa. Wanda hagunsa ya shanye kuma yakan manta da duk abin da ke hagu, ya cinye rabin kwano ya bar rabi, ya bugi ƙofa da kafaɗa. Ta hagun za ku riƙa zama, ta nan za a miƙo masa ruwa da rediyo.

Kada a daina maganin hawan jini don an ji sauƙi. Binciken SIREN da aka yi a Nijeriya da Gana, wanda ya fito a 2018, ya ɗora kusan tara cikin goma na wannan ciwo a kan hawan jini. Wanda ya taɓa yi, na biyu na laɓe. A sayi magani a kantin magani na gaskiya, ba a tire ba. A auna tansiyo, wato hawan jini, a rubuta a littafi. Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram biyar a yini, ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen magi, busasshen kifi da yajin cacanga, wato tsire. A raba masa tukunya in gidan ba za su iya ba. Sigari da taba, a bar su. Mai shan giyar cukutu ko sodabi ya san da shi ma ake. Azumi kuwa, a tambayi likita kafin watan ya kama, ba ranar da aka ga wata ba.

Kada ku ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo baƙin ciki mai nauyi kan kama su: ba ci, ba barci, ba son motsi. Ba lalaci ba ne, ba raunin imani ba ne, ciwo ne mai magani, a gaya wa likita. A fito da shi zaure, abokai su zo, a nemi shawararsa kan auren jika da kuɗin doya. Salla a zaune ta halatta ga wanda ya kasa tsayuwa, malamai sun sani, kada kunya ta hana shi sahu.

Ku zuba ƙarfinku da kuɗinku a wata uku na farko, lokacin ne jiki ya fi saurin dawowa. Jakar da za a kai wa mai maganin da ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai, a biya kine da ita. In nisa ko kuɗin mota ya hana zuwa kullum, mutum ɗaya tsayayye ya riƙa raka shi, ya ɗauki motsin a waya, ya tambayi sau nawa za a yi da abin da ba za a yi ba, a dawo gida a ci gaba. Bayan wata shida saurin samun sauƙin yakan ragu, amma ba ya yankewa ga mai aiki, don haka kada wani ya ce "iyakarsa ke nan" a naɗe hannu. In kuma wata rana bakin ya sake karkacewa ko maganar ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya warware, a koma asibiti a ranar.