Da wane adireshin imel zan tura wa wakilin marubuta littafina?

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce ta kammala rubuta labari da Turanci, tana son ta nemi wakilin marubuta a Landan ko New York, amma imel ɗinta tun na sakandare ne, da laƙabin da ƙawaye suka sa mata.

To Malama, Allah ya sa albarka. Wakilin nan shi ne dillali tsakaninki da kamfanin buga littattafai, kuma kafin ya ga layi ɗaya na labarinki, sunanki zai fara gani a akwatinsa, cikin ɗimbin saƙonni. Ki buɗe sabon adireshi da sunan da kike so a buga a bangon littafin, naki da na mahaifinki. Gmail ba ya karɓar ƙ, ɗ ko ɓ, sai ki sa k, d, b. In wani ya riga ki, ƙara harafin sunanki na tsakiya. Shekarar haihuwa kam, ki bar ta.

Kada ki yi amfani da na ofis ko na jami'a. Amsa kan ɗauki wata uku ko fiye, in kika bar wurin kuwa ana iya rufe akwatin. Ki riƙa leƙa inda ake zuba saƙonnin banza, amsar alheri kan faɗa can.

In amsa ta zo, ki sani cewa wakilin gaske ba ya karɓar kuɗi tun farko. Ladansa yawanci kashi 15 cikin ɗari ne, bayan an sayar da littafin.