Mai Gadin da Ba Ya Barci: Na'urar Gargaɗin Gobara

Ƴan'uwa, a lokacin sanyi ne muka fi karɓar masu ƙunar wuta a asibiti. Ana kwana da garwashi a ɗaki, iska tana kaɗawa, kome ya bushe. Amma ku sani, yawancin waɗanda gobara take kashewa, hayaƙi ne yake gamawa da su kafin harshen wuta ya taɓa su. Mai barci ba ya jin warin hayaƙi. Yana shaƙa, barcinsa yana ƙara nauyi. Shi ya sa ake bukatar abin da zai yi ƙara ya tashe shi. A Ezekiyel sura 33 an yi maganar mai tsaro wanda aikinsa shi ne busa ƙaho idan ya hango hatsari. Aikin wannan na'ura ke nan.

Ƙaramar na'ura mai batir

Girmanta kamar ɗan faifai ne, ba ta bukatar waya. Ta dace da gida, da ɗakin kwanan ɗalibai, da ƙaramin ɗakin shan magani.

1. Hayaƙi sama yake tashi. A kafa ta a silin, wajen tsakiyar ɗaki, santimita 30 ko fiye daga bango.
2. Kada a manna ta a jikin kwanon rufi, zafin rana zai lalata ta.
3. A nisanta ta da murhu kamar mita 3, kada kuma ta kasance kusa da taga ko fanka, don iska za ta kore hayaƙin.
4. A madafa ana sa mai jin zafi, wadda take kuka idan zafi ya kai wajen digiri 58.

Tsarin babban gini

A asibiti, ko makarantar kwana, ko babbar majami'a, ana haɗa na'urori da yawa da waya. Akwai akwatin kula, wanda shi ne kan aikin, da masu jin hayaƙi, da jan maɓalli a bakin ƙofa wanda mutum zai danna idan ya ga wuta, da jiniya.

Ana raba ginin shiyya-shiyya, misali ɗakin mata, ɗakin yara, ɗakin ajiyar magani. Waya mai igiya biyu tana fita daga akwatin, ta shiga na'ura ta fari, ta wuce ta biyu, har ta ƙarshe, kamar raƙuman ayari. Ba a yi mata reshe. A na'ura ta ƙarshe ana ɗaura wani ɗan ƙaramin abu mai rage ƙarfin lantarki. Ta wurinsa ne akwatin yake sanin wayar tana nan lafiya. Idan ɓera ya cinye ta, akwatin zai kunna fitilar matsala. Idan mai aiki ya ɗaura abin a cikin akwatin don gudun wahala, waya za ta tsinke ba wanda ya sani.

Ana amfani da waya mai jure wuta, yawanci ja ce, a bi da ita ta bututu dabam da na wutar gida. Akwatin yana da nasa layin lantarki, da batir biyu masu bolt 12 don lokacin da aka ɗauke wuta. Wannan aikin na gwanin lantarki ne. Kada kowa ya ja wutar rediyo ko cajin salula daga wannan layi.

Kula da ita

A danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata. A canja batirin ƙaramar na'ura kowace shekara, ita kanta kuma bayan shekara 10. Idan tana ɗan kuka "tsit" jifa-jifa, batir ne ya yi sanyi. Ƙurar hunturu takan sa ta kuka ba dalili. A share ta a hankali. Kada a cire batir a sa a tocila. Dattawan ikilisiya su zaɓi mutum ɗaya, su ɗora masa wannan nauyi.

Idan ta yi kuka

A tashi kowa, a ɗauki yara, a kama tsofaffi da marasa lafiya. A fita a sunkuye, domin iska mai kyau tana ƙasa. A taru wuri ɗaya a ƙirga mutane. Kada a koma ɗaukar kaya. A Nijar lambar ƴan kwana-kwana 18 ce. Wanda ya ƙone, a zuba masa ruwa mai sanyi minti 20, kada a shafa mai ko toka, a kawo shi asibiti.

Tambayoyi

1. Don me ake kafa na'urar a sama?
2. A majami'arku ƙofa nawa ce take buɗewa da sauri idan mutane sun cika?
3. Wa zai riƙa gwada na'urarku kowane wata?