Ɗa da Bawa a Fim ɗin Sangaya: Nazari ta Fuskar Tarihihin Daura

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta duba yadda fim ɗin Sangaya, na kamfanin Sarauniya da ke Kano, ya fito da bambancin matsayi a fadar Bahaushe. An auna shi da tarihihin Bayajida na Daura, domin nan ne maganar asali ta fi fitowa fili a adabin bakan Hausa.

2.0 Kuyanga a Fim da a Tarihihi

Fim ɗin, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, ya ginu a kan Maina, ɗan sarki (Ali Nuhu), da Zubaina, mai hidima a gidan sarauta (Fati Muhammad). Tun kafin a yi magana, sutura da durƙuso da wurin zaman kowa sun gaya wa mai kallo wane ne ɗa, wane ne bara. Sai dai tsanin da fim ɗin ya kafa wa Zubaina guda ne tak, wato soyayyar ɗan sarki. Mutum ɗaya tsanin yake ɗauka, sauran barorin gidan kuwa ba a ko tambayi makomarsu ba.

Tarihihin Daura bai yi wannan sassauci ba. Bayan Bayajida ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu ya auri Daurama, sai ta ba shi kuyangarta Bagwariya, wadda ta haifi Karɓagari, ita kuma Daurama ta haifi Bawo. Uba ɗaya ne, amma 'ya'yan Bawo shida tare da Biram suka zama Hausa Bakwai, zuriyar ɗan kuyanga kuwa aka kira ta Banza Bakwai. Kusantar mai mulki ba ta wanke Bagwariya ba, har jikoki tabon ya bi.

Duk da haka, rayuwar fada ta fi labaran biyu sarƙaƙiya. A shari'ar Musulunci ɗan sa-ɗaka ɗa ne, yana gado, kuma da yawa sun hau karaga a ƙasar Hausa. Nazarin M. G. Smith a kan Daura (1978) ya nuna akwai sarautun da bayin sarki ke riƙewa. Irin wannan bawa yakan fi talaka ɗa faɗa a ji. Talakan ƙauye mai biyan haraji, wanda shi ne a ƙasan tsarin, ba shi da gurbi a Sangaya, domin kyamarar ba ta nisa da ƙofar fada.