Darasi: Inda Darajar Cittar Kudancin Kaduna Take

KAFANCHAN: Darajar cittar da ake nomawa a Kafanchan, Kachia da Jaba, wato tafin-giwa da yatsun-biri, tana cikin sinadaran da ta ƙunsa. Masu bincike sukan busar da ita, su niƙa, sa'annan su jiƙa garin cikin ruwan itanol domin tatso jinjarol, sinadarin da ke ba ta yaji. Zafin shanya kan mayar da jinjarol zuwa shogawol, wanda ya fi shi yaji. Man ƙamshinta kuwa da tururi ake fitar da shi. Waɗannan ne kamfanonin magunguna da na abinci suke saye da tsada. Muddin busasshiyar citta kaɗai ake fitarwa, ribar tacewa a ƙasashen waje za ta riƙa tsayawa.