Me Binciken Jami'a Ya Tsinana wa Talaka?

Wani mai sauraronmu daga garin Shagari yana tambaya: wai binciken da malaman jami'a ke yi, akwai abin da ya tsinana wa talaka?

Malam, akwai, kuma ba sai mun je nesa ba. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato akwai Cibiyar Binciken Makamashi, wadda aka kafa a 1982, zamanin mulkin ɗan garinku, Alhaji Shehu Shagari. Masananta sun dubi abin da ya fi yawa a ƙasar Sakkwato, wato rana, da abin da ke ƙarewa, wato itace. Sai suka duƙufa kan murhu mai rage cin itace, da tukunyar girki da zafin rana, da samar da iskar gas daga kashin shanu. Sun kuma kai wutar sola ƙauyen Kwalkwalawa.

Ɗauki misalin na'urar shanya amfanin gona da zafin rana. Akwati ne mai rufin gilashi, zafi na taruwa a ciki, iska na ratsawa tana kwashe laima. Tumatir ko tattasai ya bushe ba ƙura, ba ƙuda, akuya ma ba ta samun na baka. Duk wanda ya ga kauɗa shanye a bakin kwalta ya san bambancin.

Inda gizo ke saƙar shi ne isar kayan ga jama'a. A ganina, sai an koya wa maƙera da masu walda na Shagari da Boɗinga ƙera su da araha, tukuna mai noman rani zai iya saye.