Kafin Ka Jefa Tsohuwar Katifa a Kwata

Jama'ar Gaya da Ajingi, wannan takarda a kan wata irin shara take, wadda tsintsiya ba ta ɗauka, kwando kuma ba ya cin ta: tsohuwar katifa, karyayyen gado, kujerar da ta zube, firjin da ya mutu, tayar mota, tsohon kwanon rufi, da ɓaraguzan katangar da damina ta kayar. Ba gidan da ya rasa irin wannan tarkace. Wani ya cusa shi a bayan ɗaki ya zama masaukin ɓera da kunama, wani ya ɗora a kan rufi, wani kuwa ya jira dare ya raba, ya sa yara su ja shi zuwa kwata ko bakin kududdufi. Gari ya waye kowa ya wuce ya gani, ba mai cewa nasa ne.

Da farko dai kada mutum ya zauna jiran mota ta zo ƙofar gidansa. Hukumar kwashe shara ta jiha, wato REMASAB, wadda aka kafa a 2003, mafi yawan aikinta a birnin Kano da kewaye yake, Gaya kuwa ta haura kilomita 60 daga birni. A tsarin mulkin Nijeriya na 1999, jadawali na huɗu, kwashe shara yana cikin ayyukan da aka ɗora wa ƙaramar hukuma, za mu kuma zo kan yadda ake neman wannan haƙƙi. Amma abin da muke so mai karatu ya gane tun yanzu shi ne, kaso mafi tsoka na abin da muke kira tarkace yana da mai so. Akwai wanda zai zo ya ɗauka ba ka biya ko kwabo ba, akwai ma wanda shi zai biya ka. Aikin maigida da uwargida shi ne su rarrabe kayan, su san wanne ke da kasuwa, wanne kyauta ta dace da shi, wanne kuma ke kisa.

Mu fara da ƙarfe, don mutumin Gaya bai kamata a koya masa darajar ƙarfe ba. Tarihin da aka gada ya nuna cewa maƙeran nan Abagayawa daga Gaya suka tashi neman tama har suka sauka a gindin Dala, kuma da sunan ɗaya daga cikinsu ake kiran birnin Kano. Kakanni sun yi tafiyar kwanaki suna neman dutsen da za su narka, jikoki kuwa ga narkakken ƙarfe a bayan ɗaki tsatsa tana ci. Gadon ƙarfe, tsohon keke, kwanon rufi, garmar da ta ƙare, injin markaɗe, mataccen janareta, duk 'yan gwangwan suna saye. Suna yawo da kura ko baro, su auna a sikeli, su tara wa dillali, shi kuma ya yi lodi zuwa Kano inda ake kai wa masu narkawa. Maƙerin unguwa ma yana so, domin sifirin ɗin mota a wurinsa lauje ne da gatari da fartanya.

Ga dabara ɗaya da za ta hana a kware ka. Ƙarfe ba farashinsa ɗaya ba. Jan ƙarfe, irin na cikin wayar lantarki da kwampireson firji da kan fanka, shi ne mai tsada. Alminiyam na bi masa. Baƙin ƙarfe shi ne na ƙasa. Ka samo maganaɗisu, ko na cikin tsohuwar lasifikar rediyo ne. Abin da ya kama, baƙin ƙarfe ne. Abin da ya ƙi kamawa, ware shi gefe, a auna shi daban. Wanda ya haɗa su tuli ɗaya, da kuɗin baƙin ƙarfe za a saye duka, mai saye kuwa ba zai tuna masa ba. Tsofaffin tukwane da kwanukan alminiyam kuma masu zubin tukunya suna nema, wani lokaci ma ka kai tsoho ka cika kuɗi kaɗan a ba ka sabuwa.

Sai dai a yi hattara. Babba ne zai yi cinikin, a ƙofar gida, da rana tsaka, da mutumin da unguwa ta sani. Kada a aiki yaro. Yaron da ya ɗanɗana kuɗin gwangwan yau da izini, gobe zai ɗauki murfin tukunyar uwarsa ba izini, jibi kuma sai kan famfon masallaci. Masu wannan sana'a da yawansu mutanen kirki ne masu neman halak, kuma ba don su ba da garuruwanmu sun fi haka ƙazanta. Amma ɓata-gari sun shiga cikinsu, hanyar da suke samun kaya kuwa ita ce hannun yara. Haka nan duk ƙarfen da yake a rufe ruf, ba ka san cikinsa ba, kamar tsohuwar tukunyar gas, kada a sa masa guduma ko wuta. A 2025 wani abin fashewa da ya zo cikin lodin gwangwan ya tashi a Kano ya hallaka mutane, har gwamnatin jiha ta dakatar da shigo da gwangwan daga jihohin arewa maso gabas.

Kayan ɗaki kuwa sha'anin mata ne, kuma sun riga maza sanin hanyarsa. Dillaliya ta san gidan da ake haɗa kayan aure da ƙaramin ƙarfi, ta san bazawarar da za ta tare ba gado. Abin da ya tsufa a ɗakinki, uwargida, sabo ne a wani ɗakin. Wanda bai kai a sayar ba, a bayar: ga makarantar allo, ga wanda gobara ko ambaliya ta cinye wa kaya, ga ɗan'uwa a ƙauye. Amma kyauta tana da ladabi. Katifar da kuɗin cizo ya yi wa gida, ko wadda fitsarin yara ya ratsa har ta yi baƙi, ba sadaka ba ce, tura wa wani wahala ne. A shanya ta a rana mai zafi, a kakkaɓe, a duba ɗinkin gefe inda ƙwarin ke ɓuya, sannan a yanke shawara. In soson yana da sauran ƙarfi, mai gyaran kujeru zai karɓa ya yayyanka ya yi ciko, haka mai ɗinkin sirdin babur da mai matashin kai. Katakon gado da na kabad, kafinta zai zaɓi na zaɓa, saura ya tafi murhu. Rassan darbejiya da aka sassabe ba sa kwana, in dai mai tuya ko mai gidan burodi ya ji labari.

Abu ɗaya ne ba a yi wa katifar soso: ƙonawa. Katifar da, wadda ake cusa wa audugar rimi, in ta mutu sai ta ruɓe ta koma ƙasa. Ta yanzu daga sinadaran man fetur aka yi ta. Tana kamawa nan take, tana narkewa tana ɗiga da wuta, baƙin hayaƙinta kuma guba ne mai shaƙe mutum, musamman jariri da mai asma. A lokacin hunturu, ga iska, ga zana, ga karan dawa a jingine, ga rumbu, tartsatsi ɗaya ya isa.

Yanzu ga wanda ya fi duka haɗari, kuma shi ne aka fi raina: batir. Na mota, na babur, da manyan nan na sola da suka yawaita a gidaje da shagunan cajin waya. Cikinsa dalma ce da ruwa mai ƙuna. Domin dalma tana da kuɗi, wasu kan fasa shi a tsakar gida, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a kan murhu. Kada ka yarda a yi wannan a gidanka ko a maƙwabtanka. Ƙurar dalma ba ta da wari, ba ta kuma ruɓewa. Tana zama cikin ƙasar da yaro ke rarrafe, ya sa hannu a baka, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, wadda ba a gyarawa. Mun ga aikinta a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. A ƙasar Senegal kuma, a Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, su kuwa daga fasa tsofaffin batura ne kai tsaye. Hanya mai sauƙi ita ce a mayar da batir yadda yake, a tsaye, ba a fasa ba, ga mai sayar da sabo. Yawancinsu suna karɓa su rage maka kuɗi.

Firji ma a bar wa mai gyara ya cire abin da zai cire. Kafin a ajiye shi inda yara ke wasa, a ɓalle ƙofar, don yaro kan shige ciki wajen wasan ɓuya. Jarkar maganin feshi ta gona, a huda ta, kada a zuba mata ruwan sha ko man gyaɗa komai wankin da ta sha. Tsohon silin ko rufin asbesto, irin na gine-ginen da, kada a farfasa shi ko a yanka da zarto, ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa shi, a ɗauke shi ɗungurungum, a binne.

Taya tana da masu so: mai takalmin taya, mai yanka igiyar ɗaurin kaya, mai lambu, da mai neman abin zuba wa dabbobi dusa. In za ta jira su, a huda ta ko a sa ta inda ruwan sama ba zai same ta ba, domin ruwan da ya kwanta a cikinta sauro ke ƙyanƙyasa a ciki, kwana bakwai zuwa goma ya tashi, har da irin sauron da ke yaɗa shawara. Mahauta masu babbaka da taya kuma su ji tsoron Allah, abin da ke cikin hayaƙin nan yana komawa cikin gandar da mutane ke ci.

Sauran babban tuli, wato juji da toka da kashin awaki da tsohuwar jinka da ƙasar rusasshen ɗaki, wannan ai arziki ne a ƙasar noma. Tun a shekarun 1960 wani masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar Kano, ya nuna yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da mangalar taki, da yadda hakan ya sa ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba. Manomin Kademi ko Toranke ko Balare bai buƙatar Bature ya gaya masa wannan. Da kuɗin takin zamani ya kai inda ya kai, ka ce da mai amalanke ga juji kyauta, ka ga ko zai kai gobe. Abin da ya ɓata wannan tsohuwar ma'amala shi ne leda da fasasshiyar kwalba da allurar asibiti. Leda tana hana shuka saiwa, dabba ta ci ta kumbura, kwalba kuma ta yanke ƙafar mai noma. Saboda haka gida ya kasance da wuri biyu: abin da ke ruɓewa a nan, wanda ba ya ruɓewa a can. Ƙasar katanga, in ba a kai gona ba, a jiƙa a sake tubali da ita. Ɓaraguzan siminti a cike ramin hanya, amma da sanin mai unguwa, don kada ka gyara ƙofar gidanka ka juya ruwa zuwa cikin gidan maƙwabci.

Kududdufi fa ba bola ba ne. Daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina gari, can kuma ruwan gari ke komawa. A birnin Kano an cike kududdufai da yawa da shara an yi gini a kansu, yanzu kowace damina ruwa yana neman tsohon gidansa a ɗakunan mutane. Garuruwanmu na ginin ƙasa ba za su jure abin da bulo ke jurewa ba: katifa ɗaya ta toshe kwalbati, ruwa ya kwana a gindin katanga, sai a ji rugum. Mutanen da ke kusa da kogin da ya biyo ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja sun fi kowa sanin wannan.

Bayan duk wannan rarrabewa, za a sami ɗan abin da ba mai so: ruɓaɓɓen soso, fasasshen gilashi, robar da rana ta cinye. Nan ne haƙƙin hukuma ya shigo. Dattawa suna tuna duba-gari na zamanin En'e, wanda in aka ce ga shi nan, mata ke rige-rigen wanke randa. Har yanzu akwai ma'aikatan duba-gari a ƙananan hukumomi, aikinsu kuma bai tsaya ga cin tara ba. Su ya kamata su nuna wa kowace unguwa inda za ta tara irin wannan kaya, nesa da rijiya da hanyar ruwa. Akwai kuma ranar tsaftar muhalli, Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, al'adar da ta samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon a 1985. Mutane da yawa sun mai da ita ranar ƙarin barci, alhali ita ce ranar da ta fi dacewa da aikin gayya.

Mutum ɗaya in ya je sakatariya neman tifa saboda katifarsa, dariya za a yi masa. Unguwa guda kuwa maganarta daban. A zauna da mai unguwa da ƙungiyar samari ta taimakon kai da kai, a sa rana, liman ya sanar bayan sallar Juma'a. A rubuta takarda, dagaci ya sa hannu, a kai wa kansilan mazaɓa da sashen duba-gari, a riƙe kwafi. A gayyato 'yan gwangwan da masu amalanke su zo tun da safe su kwashi rabonsu, abin da ya rage sai ya zama lodi ɗaya maimakon biyar. In motar ba ta samu ba, kuɗin gwangwan da aka tara a ranar ya isa a ɗauki a-kori-kura. Lokacin yin wannan shi ne watan Afrilu zuwa farkon Mayu, sa'ad da manoma ke kai taki gona, kwata kuma tana bushe ana iya yashe ta da shebur.